Injiniyan da ya iya lissafi amma bai iya buɗe baki ba

Wasu shekaru da suka wuce an turo mana wani yaro ɗan aji huɗu a jami'a ya yi horon nan na wata shida da ake tura ɗaliban injiniya, wato SIWES, a wani gini mai hawa biyu da nake dubawa. Yaron akwai kai. Ka miƙa masa zane, kafin ka gama shan shayi ya lissafa maka nauyin da ginshiƙi zai ɗauka da yawan rodin da yake buƙata. Ranar da za a zuba dakin na farko, wato rufin kankare na hawan farko, wani aiki ya riƙe ni a cikin gari, ban iso ba sai da rana ta take. Na tarar leburori suna ta hawa da sauka da kwanon sarki, an riga an zuba kusan kashi ɗaya cikin uku. Ina hawa sama idona ya faɗa kan rodin da ba a kai ga rufewa ba. Kwance yake kai tsaye a kan katako, babu ko ɗaya daga cikin 'yan ƙananan gutsattsarin kankaren nan da muke kira biskit, waɗanda ake sawa su ɗaga rodi domin kankare ya shiga ƙarƙashinsa ya rufe shi.

Na kira yaron gefe na ce, "Ka ga wannan kuwa?" Ya ce, "Na gani, Oga, tun da safe. Har na rubuta." Ya buɗe mini littafin da yake cikewa kullum, ga shi nan kuwa a rubuce da Turanci mai kyau. Na ce to me ya hana ka magana? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baban nan ya haife ni, shekara talatin yana wannan aiki. Kuma wallahi ban san yadda zan faɗa masa da Hausa ba."

Na je na sami dattijon magini na ce, "Baba, rodin nan tsirara yake kwance. Damina biyu ko uku damshi zai same shi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren ta ƙasa. Mu tsaya mu sa masa riga." Ya duba ya ce, "Gaskiyarka, Injiniya, yaran nan ne suka manta." Maganar ba ta kai minti biyu ba. Amma sai da muka kwashe abin da aka zuba kafin ya kama, muka yi asarar siminti da kuɗin leburori na yini guda.

Ban ga laifin yaron ba, kuma har yau ban gani ba. Shekara huɗu yana jami'a babu wanda ya taɓa tsayar da shi ya ce bayyana wa wani abin da ka sani har ya gamsu. An koya masa ya gane kuskure, an koya masa ya rubuta shi a takarda domin malami ya ba shi maki, kuma abin da ya yi ke nan daidai. Ra'ayina shi ne, tsangayar injiniya da ta yaye ɗalibin da ba zai iya aiki da mutane ba, ba zai iya faɗin gaskiyar da ya gani a lokacin da faɗinta zai yi amfani ba, rabin aikinta ta yi. Kuma wannan abu ba ya koyuwa da lakca. Sai an sa mutum ya yi da kansa, ya yi kuskure, an gyara masa, ya sake yi, kamar yadda ake koyon tuƙi.

Duk wanda ya ratsa ta ajin injiniya a ƙasar nan ya san yadda yake. Ɗalibai ɗari biyu ko fiye a babban ɗaki, malami a gaba yana cika allo, na baya suna kwafa daga littafin na gaba. In ya juyo ya ce akwai tambaya, sai ɗakin ya yi tsit, shi ma ɗin ba jira yake a yi ba. A ƙarshen zango kowa ya haddace abin da aka ba shi ya je ya juye a takardar jarrabawa. Akwai darasin Turanci a ajin farko, akwai darasin rubuta rahoto daga baya, amma su ma haka ake koyar da su: malami ya karanto siffofin rahoto mai kyau, ɗalibi ya haddace. Mutum zai iya cin maki mafi girma a darasin sadarwa ba tare da ya taɓa miƙewa tsaye ya yi magana a gaban mutum biyar ba.

Za a ce ai ana ba da aikin rukuni. Ana bayarwa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da yadda yake tafiya. A haɗa mutum goma ko sha biyu, mutum ɗaya ko biyu su kwana suna yi, sauran su haɗa kuɗin bugawa da na fotokwafi, a jera sunayen kowa a bango. Malami ya ba kowa maki ɗaya. Abin da mai ƙoƙarin ya koya shi ne aiki da mutane wahala ce, gara ya yi abinsa shi kaɗai. Abin da sauran suka koya shi ne a rukuni ana iya fakewa. Duka darussan biyu guba ne a wurin aiki, kuma mu muka koyar da su da hannunmu. Idan akwai mace a rukunin, sau da yawa ita ake miƙa wa biro a ce ta riƙa rubutawa, mazan su kama ƙarfe da waya, ta gama shekara biyar hannunta bai saba da na'ura ba, bakinta bai saba da gardamar fasaha ba.

Wasu abokan sana'ata suna ganin wannan batu kwalliya ce a kan ainihin aiki, wai injiniya lissafi ne, sauran surutu. Su nake so su tuna da abin da ya faru a otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka ranar 17 ga Yuli, 1981. A cikin babban falon otal ɗin akwai gadojin tafiya da aka rataye daga rufi, ɗaya a hawa na huɗu, ɗaya kai tsaye a ƙarƙashinta a hawa na biyu. A zanen farko, sandar ƙarfe ɗaya doguwa ce za ta sauko daga rufi ta ratsa gadar sama ta kai ga ta ƙasa, kowace gada tana rataye da nauyinta a jikin sandar. Kamfanin da ya ƙera ƙarafan ya ga haɗa wannan zai yi wuya, sai ya kawo shawarar a raba sandar biyu: ɗaya ta riƙe gadar sama daga rufi, ta biyu ta riƙe gadar ƙasa daga jikin ta sama. A ido sauyin ba komai ba ne. A lissafi kuwa ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama sau biyu. Zanen da aka sauya ya koma ofishin injiniyoyin, aka buga masa hatimi, ba wanda ya zauna ya sake lissafin, kowane ɓangare yana ɗaukan ɗayan ya duba. Da yammacin ranar, ana cikin taron rawa, gadojin biyu suka rufto kan jama'a. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Lissafin da zai tona wannan kuskure ɗan aji uku zai iya yinsa a bayan ambulan. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da zai ɗaga waya ya ce, tsakanina da kai wa ya duba wannan mahaɗa?

Na jirgin sama jannati Challenger ya fi kusa da labarin yarona. A daren 27 ga Janairu, 1986, injiniyoyin Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera roket ɗin da ke cilla jirgin, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin kada a harba jirgin saboda tsananin sanyi zai sa zoben robar da ke toshe mahaɗar roket ya sandare. An yi ta muhawara ta waya da jami'an NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, har wani babba a kamfanin ya ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Washegari aka harba, bayan daƙiƙa 73 jirgin ya tarwatse da mutum bakwai a ciki. Waɗannan sun ma yi magana, ba a saurare su ba. To ina ga wanda tun farko ba a koya masa buɗe baki ba?

A nan ne nake ganin matsalarmu ta fi ta wasu nauyi, kuma dole a taɓa ta da hankali. Mun tashi da kunya da kawaici da girmama na gaba, kuma ni ba na cikin masu cewa a zubar da su. Su ne suka sa dattijon magini ya saurare ni, domin da na daka masa tsawa a gaban yaransa da an rabu dutse a hannun riga. Amma tarbiyyar da ta hana yaro musa wa babba a zaure, idan ta bi shi har kan dakin, tana iya kashe mutane. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Abin da ɗalibinmu yake buƙata shi ne ya iya cewa a'a cikin ladabi: "Yallaɓai, a gafarce ni, ina ganin akwai gyara a nan, ga dalilina." Wannan jimla tana da nauyi a bakin wanda bai taɓa furta ta ba. Wurin da ya fi dacewa ya fara furta ta shi ne aji, inda in ya yi kuskure babu ginin da zai faɗi. Kuma hakan ba zai yiwu ba sai malamin da kansa ya nuna cewa ɗalibin da ya gano kuskure a allo yabo zai samu, ba riƙo a zuci har ranar jarrabawa ba.

Hanyar da nake goyon baya ita ce wadda ɗalibi ke aiki da kansa a cikin aji, yana tunani, yana gardama da na kusa da shi, yana gina wani abu, maimakon zaman sauraro. Ba sabon abu ba ne, kuma an auna shi. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi. Suka gano cewa a azuzuwan lakca zalla kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da kansu kuwa kashi 21.8 ne. Jarrabawa suka auna, ba iya magana ba, amma sakamakon ya rushe babbar hujjar masu cewa in aka ba ɗalibai lokacin tattaunawa ilimin fasahar zai ragu. Ƙaruwa ma yake yi.

Na san abin da malamai za su ce, domin ina da abokai a cikinsu kuma na san halin da suke ciki. Aji ya cika ya batse, wuta babu, kayan ɗakin gwaji sun tsufa, albashi ba ya kai wata, ga manhajar da dole a gama a zangon da yajin aiki ya gutsure. A 2022 kaɗai wata takwas jami'o'in gwamnati suka yi a rufe. Duk gaskiya ne, kuma wanda ya ce malami ya yi abin al'ajabi a wannan yanayi bai yi masa adalci ba. Sai dai akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. Eric Mazur, malamin kimiyyar lissafi da motsi a Harvard, tun farkon shekarun 1990 ya fara wata dabara a manyan azuzuwa: ya yi bayani kaɗan, ya jefa tambaya mai amsoshi huɗu, kowa ya zaɓa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, bayan minti biyu ko uku a sake zaɓe. Wannan ana iya yinsa da ɗaga yatsu a ɗakin mutum ɗari uku ba tare da lantarki ba. Ɗalibin da ya yi haka sau uku a kowace lakca, a shekara biyar ya kare ra'ayinsa da baki sau ɗaruruwa. Ya kuma ɗanɗana abin da ya fi wannan wuya, wato ya saurari wani ya ce masa ka fi ni gaskiya.

Aikin rukuni kuma gyara yake so, ba jefarwa ba. Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak tun kafuwarta a 1974 ta ɗora karatunta a kan wannan: kowane zango ɗalibai suna kashe kusan rabin lokacinsu a kan aiki ɗaya na rukuni da ya shafi matsala ta zahiri, a ƙarshe kowa ya amsa tambayoyi da bakinsa, kowa da makinsa. Ba sai mun kwafe su gaba ɗaya ba. Amma rukuni kada ya wuce mutum huɗu ko biyar. Malami ne zai haɗa shi, ba abokai su zaɓi juna ba, domin a wurin aiki ba ka zaɓen wanda za a haɗa ka da shi. A cakuɗa ɗan Kano da ɗan Binuwai da 'yar Ilori. Shugabanci da riƙe biro su riƙa zagayawa. Ranar gabatarwa kuma malami ya nuna wanda ya ga dama ya ce kai za ka yi bayanin wannan sashe, ba wanda rukunin ya tanada ba. Wannan ƙa'ida ɗaya ta isa ta kashe fakewa, domin mai ƙoƙarin dole ya zauna ya koya wa sauran, su kuma dole su koya. Mu da muka gaji aikin gayya bai kamata a ce haɗa hannu baƙon abu ne a wurinmu ba. A gonar gayya kowa da kunyarsa da yake nomewa, kuma kowa na ganin wanda aka bari a baya.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ban cika jin ana maganarsa ba, shi ne harshe. Da Turanci muke koyar da injiniya, kuma ban ce a daina ba. Zane da rahoto da ƙa'idojin gini duk da shi ake rubuta su. Amma wa zai aiwatar da zanen? Magini ne da kafinta da mai lanƙwasa rodi da mai walda da mai haɗa waya, kuma a nan Arewa yawancinsu da Hausa suke aiki. Injiniyan da zai iya rubuta shafi goma a kan illar yawan ruwa a kwaɓin kankare, amma ba zai iya gamsar da lebura cewa ruwan da yake ƙarawa don kwaɓin ya yi sauƙin ɗiba ƙarfin ginin yake ci ba, iliminsa bai isa inda ake buƙatarsa ba. Ina so in ga ranar da za a ce kowane ɗalibi, kafin ya gama, sai ya bayyana aikinsa na ƙarshe sau biyu: sau ɗaya da Turanci a gaban malamai, sau ɗaya da harshen wurin a gaban mai sana'ar da zai ƙera abin. A gayyato maƙeri daga Panteka a Kaduna ko daga Ƙofar Ruwa a Kano ya zauna a cikin masu saurare, a ba shi damar tambaya. Na tabbata tambayarsa ta farko, wato a ina za a samu wannan ƙarfen kuma nawa ne, za ta girgiza ɗalibi fiye da ta farfesa. Ɗalibin da ba Bahaushe ba ya yi da harshen da zai yi aiki da shi, ko ya nemi ɗan rukuninsu ya yi masa tafinta, wannan ma darasi ne.

Ƙofar yin haka a buɗe take. A watan Yuni na 2023 hukumar COREN, mai kula da aikin injiniya a Najeriya, ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi. Yarjejeniyar, wadda aka ƙulla tun 1989, ita ce ke sa ƙasashe su amince da digirin injiniya na juna, kuma a cikin siffofin da take nema ga wanda aka yaye akwai iya aiki cikin rukuni da iya sadarwa, a rubuce ƙarara kusa da iya lissafi da zane. Tsorona shi ne abin ya tsaya a takarda: a cike fom, a rubuta cewa darasi kaza yana koyar da aiki tare, masu tantancewa su zo su duba fayil su tafi, aji yana nan yadda yake. Da ni ne mai tantancewa, da zan ajiye fayil ɗin in shiga aji ba sanarwa, in ƙirga minti nawa a cikin awa guda bakin ɗalibai ya motsa a kan darasin.

Mu ma da muke karɓar yaran a wurin aiki muna da namu kason. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro SIWES tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, amma sau nawa muke barinsu a inuwa suna cike littafi, mu sa hannu a ƙarshen mako? Bayan abin da ya faru, na sauya yadda nake yi. Ranar da za a zuba dakin na biyu na tara ma'aikata da sassafe na ce yau ɗalibinmu ne zai faɗi yadda za a yi. Tun ana gobe da daddare na sa shi ya maimaita mini da Hausa har sau uku. Ya tsaya a kan tarin bulo, muryarsa tana rawa, ya yi bayanin awon kwaɓi, ɗaya na siminti biyu na yashi huɗu na tsakuwa, ya yi bayanin ruwa, ya zo kan biskit. Dattijon magini ya katse shi ya ce, "To Injiniya ƙarami, in biskit ya ƙare, ba sai mu sa gutsuren katako ba?" Yaron ya dube ni, na kawar da kai. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "A'a Baba, a yi haƙuri. Katako yana shan ruwa, kuma zai ruɓe ya bar rami, damshin da muke gudu ta nan zai shiga. Gara mu jira a bugo wasu." Dattijon ya gyaɗa kai ya juya ya ce wa yaransa su je su ƙirgo biskit ɗin da ya rage kafin a kunna injin kwaɓi.